Yadda Littafi Yake Isa Hannun Mai Nemansa a Ƙasar Gobir

Malaman da sun yi ittifaƙi a kan cewa neman ilmi farilla ne, amma kaɗan ne daga cikinsu suka tsaya suka ba mu labarin ɗawainiyar da ke gaban wannan farilla, watau yadda ɗalibi zai san akwai littafi kaza a duniya, sa'an nan ya san a hannun wa yake, sa'an nan ya sami ikon ɗora idonsa a kansa. Wannan ɗawainiya ita ce a yau aka ɗora wa ɗakunan karatu na jami'o'i, aka gina musu benaye, aka ɗauki ma'aikata domin ta. A ƙasar Gobir kuwa, tsakanin Gulbin Rima da Bunsuru, inda Sabon Birni da Isa suke, an daɗe ana yin ta tun babu bene babu albashi, kuma ina ganin wanda bai san yadda aka yi ta da ba, ba zai gane abin da ya rage ba a yi ba yanzu.

A ƙarni na 18, sa'ad da Sarkin Gobir Babari ya karɓe ƙasar Zamfara ya kafa Alƙalawa, wadda kufanta ke cikin ƙasar Sabon Birni a yau, littafi abu ne mai tsada ƙwarai, domin takardar da ake rubuta shi a kanta daga Italiya take fitowa, ta sauka Tarabulus, ta ratso Sahara a bayan raƙumi, har ta iso Agadas da Katsina da Kano. Wanda ya ɗaga irin wannan takarda ga haske zai ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. Tawada ce kaɗai ta gida, da bagaruwa da ƙaro, sai alƙalamin kara. Saboda haka ba a sayen littafi yadda ake sayen riga, juyarsa ake yi: ɗalibi ya aro na malaminsa, ya zauna wata da watanni yana kwafewa harafi bayan harafi, in ya gama ya rubuta sunansa da na mai littafin a ƙarshe, ya roƙi mai karatu addu'a. Ba a ɗinke warƙoƙin, a sake ake barinsu cikin tadarishi, a sa a gafaka, a rataye nesa da gara. A ƙasan kowace warƙa kuma akan rubuta kalmar da ta fara ta gaba, domin in sun hargitse a iya mayar da su. Wannan sakin warƙoƙi yana da hikima babba, gama da shi ne littafi guda yake isar almajirai da yawa a zaure ɗaya, wannan yana riƙe da babin tsarki, wancan yana juyar babin gado.

To, amma kafin juyi sai an san abin da za a juya, kuma a nan ne malami yake tsayawa a matsayin da fihirisa take tsaye a yau. Yaro in ya sauke Alƙur'ani ya shiga makarantar ilmi, ba shi ke zaɓen abin da zai karanta ba. Malaminsa ne zai bi da shi daga Ahalari zuwa Ishmawi da Iziyya, daga nan Risala, har in Allah ya ba shi tsawon rai da naci ya kai Muhtasar na Halilu, yana haɗawa da Ajurumiya ta nahawu da Ishiriniya ta madahu. Ranar da malamin ya ga abin da ke kansa da na gafakarsa ya ƙare, in mai adalci ne, sai ya ce, "Ɗana, ni iyakata ke nan, tafi gari kaza, akwai malam wane, shi ke da Alfiya da sharhinta." Da irin wannan ishara ɗalibai suka yi ta kai da kawowa tsakanin Gobir da Zamfara da Katsina da Adar da Agadas, suna tafe da gafaka, suna dawowa da littafi da ijaza, watau izinin karantar da shi, tare da silsilar waɗanda aka karɓo shi daga gare su har zuwa ga mawallafinsa.

Babu shaidar da ta fi ta Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a kan wannan. A shekarar 1812 ya wallafa ɗan littafinsa Ida'un Nusuhi, inda ya jera shaihunan da ya ɗauki karatu a wurinsu, shi da wansa Shehu Usmanu, da littafin da aka karanta a gaban kowane. Daga irin wannan bayani muka san Shehu ya karanta Muhtasar a wurin Usmanu Binduri, ya ji Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji, wanda ya zo da isnadinsa daga Hijaz, ya kuma zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru. Wanda ya karanta shi da idon mai neman littafi zai ga cewa Malam Abdullahi ya bar mana lissafin abin da ke cikin gafakokin ƙasar nan a zamanin sarakunan Gobir Bawa Jan Gwarzo da Nafata da Yunfa, da sunan wanda ke riƙe da kowane, ko da yake shi nufinsa godiya ce ga malamansa.

Sai yaƙi ya zo, shi kuwa yaƙi ba ya tausayin takarda. Da Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, littattafansa na cikin abin da aka fi damuwa da shi, har masu tarihi suka riƙe sunan Malam Agali, wani Buzu da ya taimaka da raƙumi aka ɗauke su. A ƙarshen wannan shekara aka yi karon Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, inda jama'ar Shehu suka rasa mutum wajen 2,000, cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani wajen 200. A zamanin da rabin ilmi a ƙirji yake, wannan hasara ta littattafai ce kamar yadda take ta rayuka. Shehu Laminu na Barno ma, a cikin wasiƙun da ya yi musaya da Muhammadu Bello, ya zargi masu jihadi da wulaƙanta littattafai a garuruwan da suka ci, Bello kuma ya amsa a cikin Infaƙul Maisuri cewa shi da kansa ya ga warƙoƙi iska tana watsawa bayan an ci wani gari, ya bi yana tsincewa, ya kuma tsawata wa waɗanda suka jawo haka. Ni dai a ganina tsayawar shugabanni biyu suna jayayya a kan yagaggun takardu, alhali ƙasa tana cikin wuta, ta isa ta nuna darajar littafi a wurin mutanen wancan zamani.

Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa, birnin ya zama kufai. Daga nan hanyoyin littafi suka rabu biyu, rabuwar da har yau ba ta gama haɗuwa ba. A gefe guda Sakkwato da Gwandu da Wurno suka zama matattarar malamai da masu juyi, aka yi ta kwafe wallafe-wallafen Shehu da Abdullahi da Bello ana aikawa gabas da yamma, Nana Asma'u kuma ta mai da ilmi waƙa da Fulatanci da Hausa, jajis ɗinta suna kai wa matan ƙauye ta hanyar 'yan taru. Har Bature Clapperton, da ya komo Sakkwato a 1826 ya kawo wa Sarkin Musulmi Bello littafin lissafi na Uƙlidis da Larabci, Bello ya gaya masa ai gidansu sun taɓa mallakar wani da aka zo da shi daga Makka, gobara ta cinye. Bature Barth kuma a Gwandu ya sami Tarihus Sudan a 1853. A ɗaya gefen Gobirawa suka shiga shekarun gudu da ɗauki ba daɗi, aka kashe Sarkinsu Ali a Gawakuke a 1836, sauran suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, har daga baya, a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri ya zo ya gina Sabon Birni, Isa kuwa tana hannun zuriyar Bello a matsayin ribaɗi. Mutanen da ke ƙaura daga wannan ganuwa zuwa waccan ba su da sukunin ajiye ɗakin littattafai. Shi ya sa labarin sarakunan Gobir da ke rubuce, mafi yawansa daga alƙalamin abokan hamayyarsu ya zo mana, kamar Raudatul Afkari na Abdulƙadir ɗan Tafa, nasu kuwa ya zauna a bakin maroƙa da makaɗa da dattawan fada.

Zuwan Turawa ya ƙara wani rabon. Ingila ta ci Sakkwato a 1903, aka ja iyaka, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka zauna hannun Ingila. Tawagar Kyaftin Tilho da ta bi wannan iyaka tana kafa alamu tsakanin 1906 da 1908 tana da tafinta mai suna Landeroin, wanda ya zauna da dattawan ƙasar ya rubuta tarihin Gobir da Maraɗi daga bakinsu, aka buga da Faransanci a birnin Faris. Razdan Arnett kuma ya juya Infaƙul Maisuri zuwa Turanci a 1922. Ta haka zancen kakannin mutum ya koma harshen da ba ya ji, a garin da ba zai iya zuwa ba. Abin da ya sauƙaƙa a wannan zamani shi ne littattafan karatu na yau da kullum, domin bugun Alƙahira ya shigo ta hannun alhazai da 'yan kasuwar Kurmi ta Kano, Risala da Ishiriniya suka sauko shimfiɗar mai sayar da littattafai ranar kasuwa, sana'ar juyi ta fara ja da baya, tsofaffin gafakoki kuma aka rataye su aka manta.

Waɗanda suka sauko da su su ne jami'o'i, kuma wajibi ne a yaba musu. Ma'aikacin ɗakin karatu na Kwalejin Ibadan, Kensdale, ya fitar da fihirisar rubuce-rubucen Larabci tsakanin 1955 da 1958. Abdullahi Smith ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa, wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ana bin gidajen malamai ana aron littafi, a ɗauki hotonsa a ɗan siririn fim, a mayar wa mai shi. Waziri Junaidu, Allah ya jiƙansa, wanda ya riƙe wazirci daga 1948 har rasuwarsa a 1997, ya buɗe taskar gidansa ta Gidaɗawa ga masu bincike, daga cikinta Murray Last ya ɗebo abin da ya rubuta littafinsa na tarihin daular Sakkwato da aka buga a 1967. Wazirin nan shi ne mahaɗar zamani biyu, gama kamar malaman da, in an tambaye shi mas'ala yakan faɗi littafin da take ciki da gidan da yake, sai dai yanzu akwai mai alƙalami a gefensa yana mai da amsar kati mai lamba. Daga baya aka sami Gidan Arewa a Kaduna a 1970, da hukumar tarihi ta Sakkwato wadda yau take ɗauke da sunan Wazirin, da Jami'ar Sakkwato a 1975, wadda aka mayar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, aka kuma sa wa babban ɗakin karatunta sunan Abdullahi Fodiyo, sunan da ya dace da shi ƙwarai. A Yamai Boubou Hama ya tara nasa, suna nan a cibiyar binciken jami'ar can. A 1995 John Hunwick ya haɗa sunayen mawallafan wannan yanki da littattafansu da inda kowane kwafi yake a cikin mujalladi guda.

Amfanin wannan aiki a bayyane yake. Ɗan Isa ko ɗan Sabon Birni da ya shiga jami'a yau, abin da kakansa zai yi tafiyar wata uku kafin ya ji labarinsa, shi zai same shi da duba kati ko kwamfuta, ma'aikacin laburare ya nuna masa kanta, in babu a nan ya gaya masa yana Zariya ko Kaduna; zai kuma tarar da kundin digirin Abdullahi Rafi Augi na 1984 a kan Gobir da ƙasar Rima, da na Garba Nadama a kan Zamfara, waɗanda suka haɗa takarda da zancen dattawa. Amma fa masu tarawa sun fi bin manyan gidaje na manyan birane, inda aka san akwai taska, kuma sunayen da suka cika fihirisa na Shehu ne da zuriyarsa da almajiransa. Limamin ƙauye a bakin Bunsuru, wanda ya gaji gafaka uku daga kakansa, cikinsu akwai wasiƙar alƙali, da lissafin gado, da waƙar wa'azi da ajami, da sunayen sarakuna a bayan wata warƙa, shi ba kowa ya taka zaurensa ba, alhali irin waɗannan ƙananan takardu su ne za su faɗi yadda Bagobiri ya yi karatu da shari'a da ciniki da bakinsa.

Abokan gaban takarda kuwa ba su huta ba: gara, da ɗigar damina, da gobarar hunturu, da rabon gado, wanda yakan raba littafi guda tsakanin magada kowa ya tafi da 'yan warƙoƙi. A 'yan shekarun nan kuma an sami wanda ya fi su, domin ta'adin 'yan bindiga ya tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Isa da Sabon Birni, mutane suka gudu cikin gari ko suka ƙetara Gidan Runji da Maraɗi, mai gudun ransa da 'ya'yansa kuwa ba ya tsayawa sauko da gafaka daga rataye. Abin da ake bukata bai kai wahalar da Smith da abokansa suka sha ba, tun da wayar hannu tana ɗaukar hoton warƙa sarai, kuma jami'o'in Sakkwato cike suke da 'ya'yan waɗannan garuruwa masu karanta Larabci da ajami, waɗanda masu littattafan za su amince da su domin sun san iyayensu. A tura su da izinin Sarkin Gobir na Sabon Birni da na Isa, su fara da malaman da suka yi gudun hijira suka zo da abin da suka iya ɗauka, su rubuta sunan littafi da mawallafi da mai juyi da gidan da ya fito, a bar wa mai shi abinsa a hannunsa tare da kwafin hoton, a ajiye ɗaya a ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo, a aika ɗaya Yamai, domin rabin masu wannan tarihi a Tsibiri suke.