Kundayen waƙoƙin Mdou Moctar: Tafiyar da ta faro daga Sakkwato

Mdou Moctar laƙabi ne na mawaƙi Mahamadou Souleymane, Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar, kuma shi ne sunan ƙungiyar makaɗa huɗu da yake jagoranta. A Turai da Amurka ana sanya ƙungiyar a sahun gaba na masu kiɗan rok a wannan zamani, wato kiɗan nan na jitar lantarki da ganguna mai tsananin ƙara, wanda ƙungiyoyi irin su Led Zeppelin da Queen da Van Halen suka riƙa cika filayen wasa da shi a shekarun 1970 da 1980. A Arewacin Najeriya kuwa sai an tona kafin a samu wanda ya taɓa jin sunan, alhali kundin waƙoƙinsa na farko a birnin Sakkwato aka naɗe shi, da irin kayan aikin da ake yi wa finafinan Hausa waƙa.

An haifi Mahamadou a tsakiyar shekarun 1980 a arewacin jihar Tawa. Gidansu gidan addini ne da ba a yi maraba da kiɗa ba, saboda haka jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, da katako da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. Wanda ya cusa masa sha'awar abin shi ne Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jitar Abzinawa a Nijar, wanda ya rasu a shekarar 2020. Irin wannan kiɗa Abzinawa na kiransa assouf, kalmar da ke nufin kewa da begen gida. Ya tsiro ne a tsakanin matasan da farin shekarun 1970 da 1980 ya kora ci-rani zuwa Aljeriya da Libiya, kuma ƙungiyar Tinariwen ta ƙasar Mali ce ta fara kai shi kunnen duniya. Shi ma Mahamadou ya yi nasa ci-ranin a Libiya kafin ya dawo gida ya rungumi jita. Bahago ne, kuma da yatsa yake kaɗa tsirkiya, ba da ɗan ɓallin robar da makaɗan Turai ke riƙewa ba.

Anar (2008)

A lokacin da ya ƙetaro iyaka zuwa Sakkwato a 2008, waƙoƙin nanaye na kan ganiyarsu. Duk ɗakin naɗar waƙa a Kano da Kaduna da Sakkwato yana da fiyano mai fitar da kiɗan ganga da kansa, da kwamfuta mai manhajar Auto-Tune, wadda ke lanƙwasa muryar mawaƙi ta koma siririya tana rawa kamar ta waƙoƙin Indiya. Da waɗannan kayan aka yi Anar. Kalaman da harshen Tamashek ne, jitar ta Abzinawa ce, amma muryar da bugun duk na nanaye ne. Bahaushen da ya saurari kundin a yau zai ji kamar ya san gidan, ko da bai fahimci kalma ɗaya ba.

Babu kamfanin da ya buga kundin a wancan lokaci, babu kuma kantin da ya sayar da shi. Hanyar da ya bi sananniya ce ga duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu cajin waya a kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, ko wata kasuwa makamanciyarta: a miƙa memori, a cika shi da waƙoƙi, a biya kuɗi kaɗan, daga nan aboki ya tura wa aboki ta Bluetooth. Haka waƙoƙin Anar suka bi direbobi da fatake da 'yan ci-rani suka ratsa Sahara, sau da yawa ba tare da cikakken sunan mai su ba, shi kuma ko sisi bai samu ba.

A garin Kidal na arewacin Mali wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ci karo da ɗaya daga cikinsu, Tahoultine, yayin da yake tattara waƙoƙin da mutane ke ajiyewa a wayoyinsu. Ya sanya ta cikin tarin da kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones, wato kiɗan wayoyin Sahara, ya kuma bi sawu har ya gano mawaƙin. Sai a 2014 aka buga Anar a faifan garmaho, shekara shida bayan naɗarsa. Wannan kamfani dai shi ne ya fitar da Harafin So a 2013, tarin waƙoƙin finafinan Hausa da aka shirya domin masu sauraro na ƙetare. Akwai abin dubawa a nan ga masu harkar waƙa a Kano: aikin da aka yi a ɗakunan naɗar waƙa na ƙasar Hausa, wani kamfani a birnin Portland na Amurka ne ya adana shi, ya ba shi suna da shekara, ya sa masa farashi.

Ta fuskar gwaninta Anar ba shi ne mafi ƙarfi a ayyukansa ba, domin na'ura ta danne hannun makaɗin. Amma ba domin shi ba, da babu sauran.

Afelan, fim, da Sousoume Tamachek (2013 zuwa 2017)

Kundinsa na farko da ya fita kasuwar duniya shi ne Afelan, wanda aka naɗa kai-tsaye a garin Tchintabaraden aka fitar a 2013. A nan aka ajiye Auto-Tune gefe. Wani sashen kiɗan biki ne da jitar lantarki da ƙaramar lasifika mai hayaniya, wani sashen kuma kiɗan hirar dare ne da jitar da ba ta buƙatar wuta.

A 2015 ya fito a matsayin jarumin fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda Kirkley ya shirya a Agadas bisa tsarin Purple Rain, fim ɗin mawaƙin Amurka Prince na 1984. Sunan na nufin ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, kuma masu fim ɗin sun ce sun yi wannan zagaye ne saboda Tamashek ba shi da kalma guda ta launin shunayya. Labarin bai yi nisa da rayuwar jarumin ba: saurayi makaɗi, uba mai tsananin ƙin kiɗa, da abokan hamayya a gari. Waƙoƙin fim ɗin sun fita a kundi na daban. Sousoume Tamachek ya biyo baya a 2017. A Portland aka yi shi, kuma shi kaɗai ya kaɗa dukkan kayan kiɗan ya yi wa kansa amshi. Kundi ne mai sanyi, wanda bai nuna alamar abin da ke tafe ba.

Ilana (2019)

Daga nan ne labarin ya tashi daga na mutum ɗaya ya koma na ƙungiya. Ahmoudou Madassane, tsohon abokin tafiyarsa, shi ke riƙe da jita ta biyu mai tsare bugu. Souleymane Ibrahim ya zama mai ganguna daga baya. Mikey Coltun, Ba'amurke, shi ke kaɗa jita mai kaurin murya, daga baya kuma ya zama mai tsara sautin kundayen. Ilana, wato Mahalicci, a birnin Detroit aka naɗe shi, kuma shi ne karon farko da aka ɗauki Mdou a ɗakin naɗar waƙa tare da cikakkiyar ƙungiya, suna kiɗa lokaci guda kamar a dandali.

A wannan kundi masu sharhi na ƙasashen Yamma suka fara kwatanta shi da Jimi Hendrix, wanda shi ma bahago ne, da Eddie Van Halen. Kwatancen na biyu yana da tushe. Eddie, wanda ƙungiyarsu ta fitar da kundinta na farko a 1978, ya shahara da salon dannan tsirkiya a wuyan jita da yatsun hannu biyu, abin da ke sa sauti ya riƙa zubowa da sauri kamar ƙanƙara a kan kwano. Mdou ya bayyana cewa ya kalli bidiyonsa, ya kuma sarrafa dabarar ta dace da nasa hannun. Ana jin haka ƙarara a waƙar Tarhatazed. Sai dai kwatancen yakan rufe wani abu: gindin kiɗan ba na Amurka ba ne. Bugun takamba ne da irin kiɗan bukukuwan aure na Agadas, inda ake farawa a hankali, a riƙa ƙara wuta har masu rawa su tada ƙura. Abin da aka aro daga rok shi ne ƙarar sauti da kayan aiki.

Afrique Victime (2021)

Ranar 21 ga Mayun 2021 kamfanin Matador na birnin New York ya fitar da Afrique Victime, kundi mai waƙoƙi tara. Ba a zama ɗaya aka yi shi ba; an riƙa naɗarsa gutsi-gutsi a lokacin yawon wasanni, a ɗakunan naɗar waƙa da ɗakunan otal da gidaje, wani sashen kuma a Nijar. Duk da haka shi ne mafi daidaito a cikin ayyukan ƙungiyar, kuma wanda ya fi dacewa sabon mai sauraro ya fara da shi. Chismiten ta buɗe shi da ƙarfi, Tala Tannam kuwa waƙar soyayya ce mai taushi, wadda tsohon shugaban Amurka Barack Obama ya sanya cikin jerin waƙoƙin da ya fi so a wannan shekara.

Waƙar da kundin ya ci sunanta ita ce ta ɗauki nauyin saƙon. Sunan da Faransanci yake, ma'anarsa Afirka wadda aka zalunta, kuma waƙar tuhuma ce a kan mulkin mallaka da abin da ya bari. Ga ɗan arewacin Nijar wannan ba zancen littafi ba ne. Tun daga farkon shekarun 1970 kamfanonin Faransa sun shafe shekaru da dama suna haƙar yuraniyom a Arlit domin tashoshin lantarkin ƙasarsu, yayin da ƙauyuka da dama na yankin ke kwana cikin duhu. Waƙar ta haura minti bakwai, rabinta na ƙarshe kuwa ba magana, jita ce kawai ke kururuwa ganguna na bin ta a guje.

A 2022 ƙungiyar ta fitar da ƙananan kundaye biyu, Niger EP na ɗaya da na biyu, waɗanda suka ƙunshi naɗe-naɗen da aka yi a gida Nijar, har da na wuraren biki. Sautinsu ba shi da tsabtar na ɗakin naɗar waƙa, amma su ne suka fi nuna yadda kiɗan yake a inda aka haife shi.

Funeral for Justice (2024) da Tears of Injustice (2025)

Waɗannan biyun tagwaye ne, kuma juyin mulkin Nijar ya ratsa tsakaninsu. Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, ya fita ranar 3 ga Mayun 2024, don haka mutane da yawa suka ɗauka martani ne ga abin da ya faru a Yamai. Ba haka ba ne. An naɗe shi tun ƙarshen 2022, cikin kwana biyar, a wani gida a jihar New York, watanni kafin sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani su kifar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Waƙar Oh France, mai tuhumar Faransa kai-tsaye, ta riga ficewar sojojin Faransa daga Nijar a Disambar 2023 da shekara guda. Waƙar da ke ɗauke da sunan kundin kuma shugabannin Afirka take yi wa magana, ba Turawa ba.

Akwai kuma damuwa ta cikin gida. Imouhar kira ne ga Abzinawa su riƙe harshensu, wanda yake ganin matasa na sakinsa. Bahaushe, wanda harshensa ne ke mamaye kasuwannin Agadas da Tawa, yana da dalilin sauraren wannan kuka da kunnen basira. Wata waƙar sunanta Takoba, kalmar da ba ta buƙatar tafinta ga wanda ya san takobi. Kundin ya fi duk na baya zafi da sauri, har wani lokaci ƙarar takan rinjayi daɗin waƙar. A watan Afrilun 2024 ƙungiyar ta hau dandalin Coachella a jihar Kalifoniya, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan kiɗa na Amurka.

Juyin mulkin ya riski makaɗan suna yawon wasanni a Amurka. An rufe iyakoki da sararin samaniyar Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take bai wa maƙwabciyarta. 'Yan kasuwar da kayansu suka maƙale a Illela da Jibiya da Maigatari sun san wannan lokaci sarai. 'Yan Nijar uku na ƙungiyar suka rasa hanyar komawa ga iyalansu, har sai da masoya suka yi musu karo-karo ta intanet domin masauki da abinci. A cikin wannan zaman jira suka shiga wani ɗakin naɗar waƙa a unguwar Brooklyn ta New York suka sake rera waƙoƙin Funeral for Justice da jitar da ba ta lantarki ba, da tafi da ƙananan kayan bugu. Sakamakon shi ne Tears of Injustice, wato hawayen zalunci, wanda Matador ya fitar ranar 28 ga Fabrairun 2025.

Waƙoƙin dai su ne, amma da aka rage ƙara sai murya da amshi suka fito fili, fushin ya koma jimami. Wanda kunnensa ya saba da gurmin Haruna Uji ko kuntigin Ɗanmaraya Jos zai fi samun ƙofar shiga ta wannan kundi fiye da ta ɗan'uwansa mai wutar lantarki.