Daga Dutsen Niƙa Zuwa Na'urar Sarrafa Abinci

Kusan duk abin da Bahaushe yake ci sai an farfasa shi kafin ya kai tukunya. Gero da dawa ba sa zama tuwo sai sun zama gari, wake ba ya zama ƙosai sai an mai da shi ƙullu, kuka da busasshiyar kuɓewa kuwa sai an daka an tankaɗe. Shi ya sa kayan niƙa da daka suka fi kowane kayan girki daɗewa a gidan Hausa, kuma a kansu ne mata suka fi zubar da gumi.

Mafi tsufa a cikinsu shi ne dutsen niƙa. Masu binciken kayan tarihi sun tono duwatsun niƙa masu yawa tare da ƙonannun ƙwayoyin gero a kufan mutanen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau, mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Fasalin dutsen bai sauya ba har zuwa ƙarnin da ya gabata: faffaɗan dutse a kafe a ɗan karkace, da ƙaramin ɗansa wanda ake gurzawa a kai. Mace takan durƙusa a bayansa, ta ɗibi hatsi kaɗan-kaɗan da hannu ta zuba, ta danna ɗan dutsen da nauyin ƙirjinta tana turawa tana jawowa, garin yana gangarawa cikin faifai ko ƙwarya. In dutsen ya yi sulɓi ya daina cin hatsi, sai a koɗa shi da makoɗi har ya sake yin kaushi. A gidan gandu mai baki ashirin, mai girki kan tashi tun asuba ta kama niƙa. A wajen wannan aiki ne aka samu waƙoƙin niƙa, inda mace kan rage gajiya, ta kuma aika wa kishiya ko maigida habaicin da ba za ta iya faɗa gaba da gaba ba.

Turmi da taɓarya aikin masassaƙa ne, kuma an fi son icen ƙirya saboda tauri da nauyinsa. Aikin turmi ya fi na dutse faɗi nesa ba kusa ba. A cikinsa ake sussukar zangarniya, a cikinsa ake surfe bayan an yayyafa wa hatsi ruwa don dusa ta fita, a cikinsa ake dakan gari da ribɗi, a kirɓa dawo, a daka daddawa da yaji. Mata biyu ko uku kan haɗu a turmi ɗaya suna lugude, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, wata har ta cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. Aikin ya zama sana'a ga marasa ƙarfi: akwai masu dakau da masu niƙau, waɗanda ake biya da kuɗi ko da hatsi, wani lokaci dusar ce ladan. Turmi ya shiga al'ada ma, domin a wurare da dama a kansa ake zaunar da amarya a yi mata wanka.

Injin niƙa ya fara bayyana a birane a zamanin mulkin Turawa, ya bazu zuwa ƙauyuka bayan samun 'yancin kai a 1960. Injin dizal ne irin su Lister na Ingila, yana juya ɗaya daga cikin fayafayen ƙarfe biyu masu zane ta hanyar bel, hatsi yana bi ta tsakaninsu yana fita gari. Abin da yake cin safiya guda a kan dutse, inji kan gama shi kafin yaro ya gaji da tsayuwa. Masara, wadda ta fi gero tauri, ta samu shiga tukunyar tuwo sosai bayan zuwansa. Da wannan sauyi niƙa ya bar tsakar gida ya koma bakin titi, ya bar hannun mata ya koma na maza masu inji, kai niƙa kuma ya zama aiken yara. Masu niƙau suka rasa abin yi, waƙar niƙa ta bi dutsen suka tafi tare.

Markaɗe ya zo daga baya, kuma sauyin miya ne ya kawo shi. Tsofaffin miyoyin Hausa, irin su kuka da kuɓewa da karkashi, na busasshen gari ne, turmi ya ishe su. Tumatir da barkono da tattasai asalinsu daga nahiyar Amurka suke, jar miya kuwa ba ta zama ta yau da kullum ba sai da shinkafa ta yawaita a birane, noman rani kuma ya bunƙasa a wurare irin su Kadawa bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Sai ƙaramin injin markaɗe mai amfani da fetur ya cika unguwanni. Da yawa matan aure ne suke da shi a cikin gida, ana kawo musu kayan miya, da waken ƙosai da alala, da jiƙaƙƙiyar shinkafar waina, da gyaɗar ƙuliƙuli. Ta wannan ƙofa wani ɓangare na sana'ar ya dawo hannun mata.

Na'urorin lantarki na kicin tarihinsu daga waje yake. Stephen Poplawski ne ya ƙirƙiro bilenda a Amurka a 1922, don haɗa abin sha na madara. Na'urar sarrafa abinci kuwa daga Faransa ta fito. Pierre Verdun, mai sayar da kayan girki ga gidajen abinci, ya lura da yawan lokacin da masu dafa abinci suke ɓatawa wajen yanka da gurza, sai ya ƙera kwano mai wuƙa tana juyawa a gindinsa. Daga nan kamfanin Robot-Coupe ya samu a farkon shekarun 1960, aka fitar da ta gida mai suna Magimix a 1971, Carl Sontheimer kuma ya gyara ta ya gabatar da ita a Amurka da sunan Cuisinart a 1973.

Bilenda da na'urar sarrafa abinci ba aikinsu ɗaya ba, kuma rashin sanin haka ne ya sa na'urori da yawa suke zaune cikin kwali tun ranar jeren amarya. Bilenda doguwar butarta ƙunci gare ta, sai da ruwa take aiki, abin da take fitarwa kuma mai laushi ne kamar kunu. Na'urar sarrafa abinci kwanonta faɗi gare shi, wuƙarta mai lanƙwasa biyu ce, ba ta neman ruwa, tana kuma zuwa da fayafayen yanka da na gurza waɗanda ake tura musu kaya ta wata kafa a murfi. Ba ta tashi sai kwano da murfi sun kulle daidai, abin da kan sa sabuwar mai amfani ta zaci an sayar mata da matacciya.

An ƙera ta ne don girkin Turawa, amma ta dace da wasu ayyukan Hausa. Babban wurinta shi ne jajjage. Akan yanka albasa gida huɗu, a cire hancin attaruhu da tattasai, a zuba abin da bai wuce rabin kwano ba, sannan a riƙa danna maɓalli ana saki sau kaɗan ana dubawa. In aka bar ta tana gudu, jajjagen ya koma markaɗe, albasa ta tsatso ruwa. Tana yanka kabeji da karas, tana niƙa nama, tana kwaɓa fulawar cincin, tana kuma kirɓa doya ta zama sakwara muddin an zuba ta da zafinta. Gero da dawa da masara sun fi ƙarfinta, waɗannan har yanzu na mai inji ne. Akwai kuma maganar wuta: lantarkin Najeriya da Nijar ya haura bolt 200, na Amurka 120 ne, don haka na'urar gwanjo da aka yi don can takan ƙone da zarar an jona ta ba tare da taransifoma ba.

Rashin tsayayyiyar wuta ya hana waɗannan na'urori korar tsofaffin kaya, kuma tsadar fetur bayan cire tallafi a Najeriya a watan Mayun 2023 ta ƙara kuɗin markaɗe a unguwa. A gidajen birni da yawa yau, gari daga inji yake zuwa, kayan miya su shiga bilenda in akwai wuta, in babu a koma wa turmi ko gireta ta hannu. Dutsen niƙa sai a ƙauye ko gidan adana kayan tarihi, amma turmi yana nan a lissafin kayan ɗakin amarya, domin daddawa da yaji da dambun nama har yanzu a cikinsa ake daka su.