Ƙasar da Aka Raba da Wadda Aka Ƙi Rabawa

A arewacin jihar Minnesota ta Amurka akwai yankuna biyu da aka keɓe wa ƙabilar Chippewa, wadda ake kuma kira Ojibwe: White Earth da Red Lake. Harshensu ɗaya ne, amma Dokar Nelson ta 1889 ta raba makomarsu.

Dokar ta umarci a yanyanka ƙasar ƙabilar, a mallaka wa kowa filinsa, ragowar kuma a sayar wa baƙi. A White Earth an aiwatar da ita. A 1906 Majalisar Dokokin Amurka ta halatta wa masu jinin Turawa a cikinsu sayar da filayensu, sai kamfanonin katako da dillalan filaye suka yi musu ca da bashi da yaudara. Zuwa shekarun 1930, abin da ya rage a hannunsu bai kai kashi goma cikin ɗari ba.

Dattawan Red Lake kuwa sun sallama miliyoyin eka, amma suka dage cewa ragowar ta zauna mallakar al'umma baki ɗaya. Haka take har yau. Masana'antar kifin da aka kafa a tafkinsu a 1917 tana nan tana aiki.

Dokar tarayya ta 1988 ta share fagen gidajen caca, yankunan biyu suka samu kuɗin shiga da ayyukan yi, ko da yake talauci bai kau ba. Sai dai Red Lake tana gini a kan ƙasarta, yayin da a White Earth ƙungiyar da Winona LaDuke ta kafa a 1989 take sayen filayen kakanni da kuɗi domin mayar wa ƙabilar.