Ƙarancin bututun gas a yankin Permian na Amurka

Yankin Permian, da ya ratsa yammacin Texas da kudu maso gabashin New Mexico, shi ne kan gaba wajen haƙo ɗanyen mai a Amurka. Ana fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ruwa da yashi, mai ya fito tare da gas. Tanka na iya ɗaukar man, amma gas sai da bututu da masana'antar tacewa.

Da bututan suka yi kaɗan, farashin gas a cibiyar Waha ta Texas ya faɗi ƙasa da sifili a 2019 da 2024, wato mai kaya ke biyan mai saye. Wasu kuma suka riƙa ƙona shi, kamar a Neja Delta. A ƙarshen 2024 aka buɗe bututun Matterhorn Express zuwa kusa da Houston.