Bruce Springsteen: mawaƙin Amurka da ya hana a manta da Amadu Jallo

Yau tarihinmu zai kai mu Amurka, wajen wani mai kiɗan rok da ake kira Bruce Springsteen. An haife shi a 1949 a jihar New Jersey, gidan talakawa. Babansa ya yi aikin masana'anta, ya kuma tuƙa bas. Waƙoƙinsa na nuna rashin yarda ba zagin masu mulki ba ne. Mutum guda yake ɗauka, ya ba da labarinsa, ya bar mai saurare da hukunci.

A 1984 ya fitar da "Born in the U.S.A." Labari ne na wani yaron talakawa da aka tura yaƙin Biyetnam, ya dawo gida ba aiki, ba mai kallonsa. Amma kiɗan na da ƙarfi kamar taken ƙasa, sai mutane da yawa suka ɗauka kirari ne ake yi wa Amurka. Har shugaba Ronald Reagan, yana yaƙin neman zaɓe a watan Satumba na shekarar, ya ambaci sunansa a matsayin mawaƙin kyakkyawan fata. Kwanaki kaɗan bayan haka Springsteen ya mayar da martani daga kan dandali, ya nuna shakkar ko shugaban ya taɓa sauraren waƙoƙinsa da kyau.

A 1988 ya shiga rangadin kare haƙƙin ɗan Adam na ƙungiyar Amnesty International tare da Sting, Peter Gabriel, Tracy Chapman da Youssou N'Dour na Senegal. Rangadin ya iso har Abijan. A 1995 kuma faifansa "The Ghost of Tom Joad" ya taɓo wahalar 'yan ci-rani masu tsallako iyaka daga Meziko.

To amma wadda ta fi shafar mu, mu 'yan Afirka ta Yamma, ita ce ta Amadu Jallo. Saurayi ne ɗan ƙasar Gini, shekara 23, mai ƙaramar tireda a bakin titin Niyok. Daren 4 ga Fabrairu 1999, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tare shi a ƙofar gidan da yake haya, unguwar Bronx. Ya sa hannu aljihu ya ciro alabensa, suka ce sun zaci bindiga ce. Harsashi 41 suka harba, 19 suka same shi. Ko wuƙa babu a jikinsa. A Fabrairun 2000 kotu ta wanke su duka huɗun.

Watan Yuni na 2000, a birnin Atlanta, Springsteen ya rera "American Skin" karo na farko. Bai zagi ɗan sanda ba. A ciki akwai uwa tana gargaɗin ɗanta yadda zai yi in 'yan sanda suka tsayar da shi, don ya dawo gida da rai. Duk da haka, babbar ƙungiyar 'yan sandan Niyok ta yi kira a ƙaurace wa wasanninsa. Da ya iso zauren Madison Square Garden wasu suka yi masa ihu. Bai fasa ba, kuma iyayen Amadu na cikin zauren.

Kotu ta rufe shari'a, amma waƙar ba ta rufu ba. A 2012, da aka harbe wani matashi baƙar fata, Trayvon Martin, a Florida, ya sake rera ta.

Mu da kusan kowane gida ke da ɗa a ci-rani, wannan labarin ba baƙo ba ne gare mu. In wani namu ya faɗi a ƙasar mutane, wa ke riƙe sunansa? Mawaƙanmu na yau, wa ya ɗauki wannan nauyin? Muna jiran ra'ayoyinku a ƙasa. Allah ya tsare mana matafiyanmu, amin.