Gawayi

gawayi (suna, namiji). Baƙin makamashi da ake samu idan an tara itace aka rufe shi da ƙasa, aka cinna masa wuta ta ci a hankali cikin ƙarancin iska, har ruwan jikinsa da hayaƙinsa su fice. Maƙera sun fi son na ƙirya saboda ƙarfin wutarsa, yayin da masu gasa nama da matan birni ke sayensa a buhu domin ya fi kananzir da gas araha. Sai dai arahar tana da tsada a daji, domin yawancin nauyin itacen yakan salwanta a ramin ƙuna, kuma saran itatuwa irin su marke da kaɗanya yana buɗe wa zaizayar ƙasa da hamada hanya. Wannan ne ya sa gwamnatin Chadi ta hana sayar da shi a 2009, abin da ya jefa mazauna Njamena cikin wahalar girki. A ɗakin da aka rufe, garwashinsa yana fitar da wata iska mai guba marar wari wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi, kuma takan kashe mai barci lokacin hunturu.