Fitilar Dodo a Zaurukan Hausari

Duk ƙarshen watan Oktoba hotunan Amurka kan cika mana waya: an rarake kabewa an yanka mata ido da haƙora, kyandir na ci a ciki, an rataye abubuwa masu walƙiya a rufin baranda don a razana mai shigowa. Bikin Halowin ke nan, na daren 31 ga wata. Mutanen Ailan ne suka kai shi can a ƙarni na 19, kuma a ƙasarsu wani tushen kayan lambu suke rarakewa, sai da suka je Amurka suka tarar kabewa ta fi girma da sauƙin yanka. Matasanmu na kallo suna cewa Turawa sun iya wasa. Mu da muka tashi a Hausari ta Maiduguri a shekarun 1980 mun rataye dodo mai idon wuta a rufin zaure tun ba mu taɓa jin sunan wannan biki ba. Namu da azumi ake yi, lokacin tashe.

Maiduguri yarinya ce idan aka gwada ta da Kukawa ko Ngazargamu. A 1907 Turawan Ingila suka kafa bariki a nan, Shehu Abubakar Garbai ya taso da fadarsa ya zauna a Yerwa, jama'a suka biyo baya. Hausawa fatake da mahauta da maɗinka, da almajiran da suka zo Gabas neman karatun Alƙur'ani, da alhazan ƙafa da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, su ne suka cika unguwar da ake kira Hausari, dab da Kasuwar Monday. Da jirgin ƙasa ya iso a 1964 wasu suka ƙaru. A cikin kayansu tashe ya zo. Gari na Barebari ne, amma yaro ba ya tambayar asalin wasa. A ayarinmu akwai 'ya'yan Barebari da Shuwa da Babur, waƙa dai da Hausa ake yin ta.

Kakanninmu da ɗan kasko suka san haske, a zuba man gyaɗa ko man shanu, a murza auduga a yi lagwani. Kananzir ya biyo kamfanonin Turawa a cikin garwa, kuma garwar da kanta ta zama arziki, domin daga ita da sauran gwangwanaye maƙeran fari suka riƙa yanko acibalbal suna liƙewa da dalma. Ita ce fitilar mai ƙosai da mai shayi da mai tsire. Fitilar ƙwai kuwa ta mai gida ce, tana rataye a ƙusa, yaron da ya fasa ƙwanta ya san abin da zai biyo baya. Fitilar dodo ba ta cikin waɗannan. Babu mai sayar da ita a kasuwa, babu babban da zai ɓata lokacinsa a kanta. Daga bola take fitowa, a hannun yara.

Akwai dalilin da ya sa ba a ganinta a farkon tashe. Ran goma ga azumi ake farawa, lokacin farin wata ya haska gari, mai gemun auduga da mai tumbin tsumma kowa na ganinsu sarai. Da an wuce sha biyar sai wata ya fara makara, kowane dare yana ƙara jinkirin kusan sa'a guda. Zuwa sha bakwai, sha takwas, in an idar da asham lungu ya yi baƙi ƙirin. A nan ne kasuwar dodo ke buɗewa. A shekarun da nake magana azumi a tsakiyar zafi yake faɗowa, Afrilu zuwa Yuni, babu mai iya zaman ɗaki. Kowa na waje a kan tabarma, ga 'yan kallo an samu kyauta.

Yayana shi ne gwanin unguwarmu, ni ɗan riƙe-riƙe ne. Gwangwanin Nido yake nema, babba, wanda bai yi tsatsa ba. Sai ya cika shi da jiƙaƙƙen rairayi ya danna sosai, don in ba haka ba ƙusa na taɓa shi zai lotse. Ya ɗauki gawayi ya zana fuska: ido biyu a karkace, hanci ƙarami, baki daga kunne zuwa kunne. Daga nan sai ƙusa da dutse, huda bayan huda a kan layin gawayin, kusa da kusa, har tsakiyar idon ta faɗa ciki. Haƙoran ne aiki, don in ka matsa hudar da yawa sai su karye bakin ya zama rami kawai. Yakan bar biyu dogaye a sama. In ya gama sai ya zazzage rairayin, ya liƙa jar ledar alawa ta ciki a kan idanun da ɗan ƙaro. Murfin kuma ya yi masa ƙananan huda barkatai, zafi ya samu hanyar fita. A ciki guntun kyandir ake dasawa a kan yashi, in babu kyandir a yi 'yar acibalbal da gwangwanin tumatir. Wasu da tsohon duma suke yi, ya fi kama da kai, ya fi kuma saurin kamawa da wuta.

Ratayewar ita ce sirrin. Waya ake ɗaurawa a kunnen gwangwanin, tsawon kamu ɗaya, sannan igiya daga wayar zuwa azarar rufin zaure, don kada zafi ya cinye igiyar. Sai a murɗa igiyar sosai a saki. Gwangwani ya fara juyawa a hankali, jajayen idanu na bin bango suna zagaya zauren, hudojin murfi na watsa ɗige-ɗigen haske a jikin azara. Ɗaya daga cikinmu na laɓe a bayan ƙyaure ya sa baki a cikin tulu yana gurnani. 'Yan mata masu tashen Mairama da Daudu dole ta zauren za su bi su shiga cikin gida. Ta gaba ta yi turus, ta baya ta ture ta, ƙwaryar kiɗa ta kife, ruwa ya malale. Minti biyu bayan haka su ne za su dawo da ƙawayensu a sake yi musu.

Kakarmu ba ta taɓa razana ba. Takan tsaya a ƙarƙashinsa ta ɗaga kai ta ce da yayana, “Kai mai gidana, wannan dodon naka yunwa yake ji, dubi kumatunsa. Je ka kawo masa kunu.” Shi kuma ya ce, “Kaka, ai ke ya zo ɗauka.” Ta ce, “To ya biya sadaki tukuna.”

Iyaye maza ba su ɗauki abin da wasa haka ba, kuma suna da hujja. Rabin ƙofofin gidajen unguwar rumfar zana ce, ga iskar bazara. An yi daren da dodon wasu yara a bayan layinmu ya lashe rumfa har da tabarmin da ke ƙasa, aka yi sa'a babu wanda ya ƙone, amma tashen wannan shekarar a nan ya tsaya musu. Malaminmu na allo shi kuma ta wani gefen ya ɓullo, cewa bai halatta Musulmi ya firgita ɗan'uwansa ba ko da wasa. A kan ƙananan yara ina tare da shi har gobe. Wanda bai kai shekara biyar ba bai san akwai gwangwani a bayan idon ba, kuma shi ne zai kwana yana firgita. Amma 'yar shekara goma sha biyu da ta san gidan, ta san yaran, ta san tulun, da ƙafarta ta zo sayen tsoron, kuma ta samu abin da ta zo nema.

Wannan haɗi na azumi da dare da haske da yara ya wuce Maiduguri. A Masar fanus ne, fitilar gwangwani da gilashi mai launi da yara ke yawo da ita, wadda ake danganta farkonta da zamanin Faɗimiyawa. A Firitawun ta Saliyo an daɗe ana jerin gwanon manyan fitilu a ƙarshen azumi. Mafi kusa da mu shi ne Wagadugu, inda fataken Hausawa suka kai wasan dodo a ƙarni na 19. Har yau Dodo suke kiransa, da azumi suke yi, yara na sa fuskokin dabbobi, ya kuma zama gasar da hukuma ke shiryawa. Su sun ɗauki abin da muka ba su sun yi masa gata. Mu a nan, ban da ƙoƙarin irin su M. B. Umar da ya tattara wasannin a littafinsa Wasannin Tashe, yawanci waƙoƙin aka rubuta. Kayan da yara ke ƙerawa da hannunsu ba su samu mai kula ba.

Wajen ƙarshen mulkin Obasanjo wata fitila ta ɓullo a Arewa: ƙananan ƙwayaye masu farin haske a jere a kan tsohon faifan CD, da ɗan akwatin katako mai cin batir uku. Jama'a suka raɗa mata suna Obasanjo-ya-kasa, saboda alƙawarin wutar lantarki da bai cika ba. Yara ba su ɓata lokaci ba, suka cire ƙwayayen suka zura a cikin gwangwani. Dodo ya rabu da hayaƙi da haɗarin gobara, har ana iya manna masa gemun auduga. Ni dai a idona hasken ya yi sanyi da yawa, ba ya rawa irin na kyandir, amma iyaye sun samu barci.

Bai daɗe yana morar wannan sauƙi ba. Rikicin Yulin 2009 ya zo, abin da ya biyo baya kuma kowa ya sani. Dokar hana fita ta cinye dare. A Yulin 2011 aka hana hawa babur a cikin gari, a Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci aka yanke layukan waya. Gwangwani mai waya a jiki ya zama abin da in aka gani a bakin hanya unguwa ke watsewa, domin da irinsa ake haɗa bam. Daga baya aka shiga ɗaura wa ƙananan yara abin fashewa ana turo su cikin jama'a. A irin wannan hali wace uwa ce za ta bar ɗanta ya rufe fuska, ya riƙe gwangwani, ya tunkari shingen sojoji ko na 'yan kato da gora da dare? Ba sai an yi shela ba, abin ya mutu da kansa. Yaron da ya san ƙarar bam ba ya buƙatar gurnani a cikin tulu.

Duhu kam bai yi mana ƙaranci ba. A Janairun 2021 aka fasa turakun babban layin wuta da ke zuwa daga Damaturu, aka gyara a Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake fasawa, gari ya yi kusan shekara babu lantarki. Daga baya, a Maris 2023, aka buɗe tashar gas mai megawat 50. Duk tsawon wannan duhu ban ga dodo ko ɗaya a rataye ba. Fitilun caji da na sola na Sin sun cika gidaje, kananzir ya fi ƙarfin talaka tun da aka cire masa tallafi a 2016, ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumban 2024 kuma ta kwantar da tsofaffin gine-ginen ƙasa masu yawa a cikin gari. Gidan bulo mai get ba shi da azarar da za a ɗaura igiya.

Tashe da kansa ya fara leƙowa a wasu unguwanni tun da dare ya ɗan dawo hannun jama'a, ko da yake a Kano 'yan sanda sun sha hana shi a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba da ke fakewa da shi. Ban ce a saki yara su bi gari da dare ba. Roƙona ga bulamomi da masu unguwa da iyaye shi ne a bar su su yi a ƙofar gida, babba na zaune a kan dakali yana gani, a kashe kafin ƙarfe goma. A yi da batir, kada a sa wuta. Ku kuma 'yan'uwana da kuka huda gwangwani a Hausari da Gwange da Gamboru, kun haura hamsin yanzu, kuma bayanku babu wanda ya iya. In azumi ya kai sha biyar, ku nemi gwangwani da ƙusa ku kira yaran gidan ku nuna musu.